Igiyar da Ke Tsakanin Mota Biyu

A wannan wata mun ajiye zancen jarrabawa, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya.

A ajin da muke koyarwa akwai wani yaro mai ƙoƙarin lissafi. Muka wayi gari kujerarsa babu kowa, har mako ya zagayo. Da muka je gidansu a nan Godomey sai muka tarar da mahaifinsa kwance, an ɗaure masa cinya. Sana'arsa zemijan, da babur yake ciyar da mutum bakwai. Ya ce mana: "Malam, wallahi ban ga igiyar ba."

Ga yadda abin ya faru. Da magariba ce, kusa da gadar sama ta Godomey, inda hanyar Calavi da ta Ouidah suke rabuwa, motoci sun cunkushe. Wata mota ta mutu, wata tana janta da siririyar igiya, babu jan ƙyalle, babu fitila. Da suka tsaya sai igiyar ta kwanta a ƙasa. Shi kuwa ya ga fili tsakanin mota biyu, ya kutsa kamar yadda masu babur suka saba. Daidai nan ta gaba ta fizga, igiya ta miƙe ta harɗe masa taya.

Masu motocin nan ba baƙi ba ne, 'yan'uwanmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa da su ran Juma'a. Mu ma masu wannan rubutu ba mu fita ba. Ran da tsohuwar motarmu ta mace a hanyar Dantokpa, da igiyar ɗaure rago aka jawo mu gida, muna ta dariya. Allah ne kawai ya rufa asiri.

Abin kunyar shi ne mu jikokin fatake ne. Sunan Zongo da ake kiran unguwanninmu da shi asalinsa masaukin ayari. Kakanninmu sun riƙa tasowa daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, su ratsa Nikki da Djougou, su kai Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro, tun kafin Ingilishi su ci Asante a 1874. Tafiyar watanni ce, amma tana da doka. Jagaba na gaba yana duba hanya, madugu ke da ikon tashi da sauka. Ba a ɗora kaya sai an daidaita nauyin gefe biyu, an taɓa kowane ɗauri. Kuma da ƙafar jaki mafi rauni ake auna tafiyar yini. Yau jakin ya zama mota, hanyar ta zama kwalta fiye da kilomita 700 daga Kwatano zuwa Malanbil, amma mun bar dokar a baya.

Mun zauna da wani dattijo da ya tsufa a tuƙin wannan hanya, muka ce: "Baba, ku gaya mana yadda ake jan mota." Ga abin da muka tsinta, tare da abin da muka karanta.

Da farko, motar da injinta ba ya aiki ba ta da cikakken birki. Ƙarfin da ke taimaka wa ƙafar direba daga inji yake zuwa. In an taka sau biyu ko uku sai birkin ya yi tauri kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Saboda haka gwanin direba ake sa wa a motar baya, ba yaro mai koyo ba. A murɗa makulli don kada sitiyari ya kulle a kwana, a sa giya a firi. In kuwa birkin ne ya lalace, to igiya ba ta da wurin zama, sai sandar ƙarfe ko janwe.

Na biyu, a ɗaura a zoben da masu ƙera motar suka tanada, ba a bamba ba. Igiyar ta zama mai kauri, tsawonta kamar mita 4, da jan ƙyalle babba a tsakiya. Na baya ya riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan don kada ta saki, domin sakin igiya da fizgarta su ne suka karya mahaifin ɗalibinmu. A tafi a hankali, kada a wuce kilomita 25 ko 30 a awa, a bi gefen dama, a tsaya a garejin farko. Tun kafin a tashi a shirya alamar tsayawa, ko da oda ko da hannu. In dare ya yi kuma batir ya mutu, a haƙura sai da safe. Mota mai giya otomatik kuwa jan nesa yana cinye mata giya, ɗaukarta ya fi sauƙin kuɗi.

Na uku ya shafi masu tirela da ke lodi a tashar jiragen ruwa. Farantin da ke riƙe bodi yana son giris da dubawa. In an haɗa, a leƙa da ido a ga ya kama turken, sannan a ɗan ja gaba alhali birkin bodi na kulle, a tabbata. A duba tiyon iska biyu, ja da rawaya, a saurari ko akwai yoyo, a zagaya tayoyi da fitilun baya. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta sa iyakar tan 51 ga babbar mota mai gatari shida. Abin da aka ƙara a kai birki ne zai biya shi a gangara. In mota ta tsaya a hanya, a ajiye jar alamar nan mai kusurwa uku da nisa. Ganyen da muke zubawa ba ya haske da dare.

Mun san amsar da za a ba mu: janwe tsada gare shi, mai tsohuwar mota ba shi da shi. Gaskiya ne. To amma a lissafa wata uku na jinya, da babur a jingine, da yaron da ya koma tallar ruwa. Ga shawararmu: kowace tasha da kowane garejin 'yan'uwanmu a yi karo-karo, mai walda ya ƙera sandar ja guda ɗaya mai ƙwari, a shafa mata fenti ja da fari, a ajiye wurin shugaban tasha, mai bukata ya ara. Ba sai mun jira hukuma ba.

Yaron ya dawo aji, amma an wuce shi da darasi mai yawa, muna ta ƙoƙarin cike masa. Mahaifinsa yana takawa da sanda. Dattijon nan ya rufe hirarmu da cewa duk wanda ya ɗaura wa motar wani igiya ya zama madugu, ran na baya da na mai wucewa suna wuyansa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya, amin.