Gardamar da Ake Yi a Zaune

Na tashi a Adabka ta jihar Zamfara lokacin da rigimar manomi da makiyayi ba ta kwana. In shanu sun yi ɓarna, mai gari ya aika wa arɗo, a taka gona, kowa ya faɗi ta bakinsa, a biya diyya a watse. Da wannan zama ya mutu, sai 'yan sa-kai da 'yan bindiga suka karɓe maganar. A Janairun 2022 kaɗai, an kashe kimanin mutum 200 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Shi ya sa nake sa wa 'ya'yanmu ɗalibai albarka. Masu karatu a jami'o'in Gusau da Sakkwato, in sun zo hutu, sukan tara ƙannensu 'yan sakandare su ɗauko tambayar da mu manya ke kauce wa: a yi sulhu da 'yan bindiga ko kada a yi? Gwamna Matawalle ya gwada sulhu a 2019, Gwamna Dauda Lawal ya hau a 2023 ya ce ba shi ba sulhu. A cikin yaran akwai wanda aka sayar da gonarsu don kuɗin fansa, akwai ɗan Fulanin da aka ƙone rugarsu. Kowa da mikinsa.

Dokarsu biyu ce. Ba ka ba da amsa sai ka maimaita hujjar ɗan'uwanka har ya ce, "Haka nake nufi." Kuma ba a ɗora wa ƙabila laifin mutum ɗaya. Ba kullum suke daidaitawa ba, amma da musafaha suke tashi.

Shekaru sun nuna mini cewa shiru ya fi gardama ɓarna. A 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta, wasu kuwa suna ɓoye mace-macen don gudun a hana haƙar zinariya. Ciwon da aka ɓoye, magani ba ya isa gare shi.

'Yan'uwana dattawa, kada mu ce musu yara ne su yi shiru. Mu buɗe musu zaure, mu zauna mu saurara, in an tambaye mu mu faɗi gaskiya ko da ta taɓa namu. Yaron da ya iya faɗin hujjar abokin gardamarsa da adalci, da wuya wani ya rinjaye shi ya ɗauki makami a kan maƙwabcinsa.