Jiran Sunan Ɗan Fari

A al'adar Hausawa, iyaye ba su cika kiran sunan ɗansu na fari ba, saboda alkunya. Ni ma ba zan ambaci sunan nawa a nan ba. Amma akwai wasu makonni da babu abin da nake ɗokin gani kamar wannan suna, a rubuce cikin wani jeri da za a fitar daga Kaduna.

Muna zaune a unguwar Sabo, a birnin Ibadan, inda nake koyar da Hausa. Da yaron ya kammala sakandare, sai ya ce ba ya da burin da ya wuce shiga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NDA. An kafa wannan makaranta a Kaduna a shekarar 1964. Wanda zai zama hafsan sojan ƙasa yakan shafe shekara 5 a cikinta, yana karatun digiri tare da horon soja. A ƙarshe ya fito da anini ɗaya a kafaɗa, a matsayin ƙaramin hafsa. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatunsa da abincinsa da makwancinsa da kakinsa.

Shiga makarantar ba abu ne mai sauƙi ba. Sai da ya ci jarrabawar JAMB, sannan ya zauna wata jarrabawar ta tantancewa. Bayan haka aka gayyace shi Kaduna, gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja. Can aka auna tsawonsa, likitoci suka duba lafiyarsa, aka gwada ƙarfinsa da gudu, aka kuma yi masa tambayoyi baki da baki. Ya dawo gida ya rame, muryarsa ta dushe, amma fuskarsa cike da fara'a. Abin da ya rage shi ne a fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka. Jiha-jiha ake jera su, kuma kowace jiha gurbinta kaɗan ne, masu nema kuwa ba su ƙirguwa.

Daga ranar gidanmu ya canza. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗauki waya in duba intanet, in ga babu labari, in ajiye. Kafin in kai makaranta na sake dubawa. Ko a cikin aji, ina rubutu a allo, hankalina yana aljihuna. Shi kuwa yaron bai daina fita gudu da sassafe ba, kamar an riga an kira shi.

Na ɗauka dukanmu abu guda muke roƙo. Ashe ba haka ba ne. Wani dare na farka na tarar da mahaifiyarsa zaune a kan dadduma, tana share hawaye. Na tambaye ta lafiya. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, kai kana roƙon a ɗauke shi, ni kuwa na kasa. Duk sa'ad da na ji a rediyo an ce sojoji sun rasu a bakin daga, sai in tuna kowannensu akwai uwar da ta goya shi."

Na buɗe baki zan yi mata bayani a kan kishin ƙasa, sai ta riga ni da wata tambaya: "Tsakaninka da Allah, don shi kake so, ko don kuɗin makaranta?"

Ban ba ta amsa ba, domin ta taɓa inda ke yi mini ciwo. Albashin malami sananne ne, ga ƙannensa uku suna tafe. Na sha yin lissafi a bayan littafin darasi: kuɗin jami'a, kuɗin ɗaki, kuɗin abinci. Idan an ɗauke shi, duk wannan nauyi ya sauka daga kaina. Ban taɓa tsayawa na lissafa abin da za mu bayar ba. Gwamnati za ta biya kuɗin karatu, mu kuwa ɗa za mu miƙa.

Washegari na kira shi, muka zauna a ƙofar gida. Na ce masa kada ya shiga soja don ya rage mini wahala. Idan jami'a yake so, ko da bashi zan biya. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, na san ana mutuwa a aikin. Amma ko da kuna da dukiya, nan zan nema." Ba yaro ne ya ba ni wannan amsa ba. A ranar na gane cewa zaɓin nasa ne, namu addu'a.

Tun daga lokacin ni da mahaifiyarsa muka haɗu a kan roƙo guda: Allah Ya zaɓa masa abin da ya fi alheri. Jiran bai ragu ba, amma ya yi sauƙin ɗauka, domin mun daina jan igiya ɗaya ta fuska biyu.

Sunayen sun fito wata ranar da yamma. Hannuna yana rawa na gangara zuwa jerin jiharmu ta asali. Na karanta sau uku kafin na yarda da idona. Na miƙa wa mahaifiyarsa wayar ba tare da na ce komai ba. Ta duba, ta ce, "Alhamdu lillahi," ta tashi ta shiga ɗaki.

Ita da ta fi kowa tsoro, ita ce ta wanke kayansa, ta shirya masa akwati, ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da dambun nama. A tashar mota ma ba ta yi kuka ba. Ta dafa kansa ta sa masa albarka. Ni da na fi kowa ɗoki, ni ne na kasa barci a daren. Har yau, idan asuba ta yi, hannuna yakan kai ga waya kafin in tuna cewa an riga an fitar da sunayen.