Gadon Baba

Ranar da muka kai motar wurin mai walda a Dambatta, mun isa ne ba mu gama shawara ba. Mutumin ya buɗe ƙofar gefe, ya leƙa ciki, ya auna tsawo da faɗi, sannan ya juyo ya dube mu, ni da Yayana, ya ce, "To, gado za a kafa, ko kuwa kujerun za a gyara su riƙa kwanciya?" Yaya ya ce gado, ni kuma na ce kujeru, kusan a tare. Mai walda ya rataye igiyar awonsa a wuya, ya ce mu koma gida mu daidaita, domin ƙarfe idan an yanka shi ba ya komawa yadda yake.

Motar bas ce ƙirar Hiace mai ɗaukar mutum goma sha takwas. Baba ya saye ta 'yar Kwatano da kuɗin shanun huɗa biyu da gyaɗar damina uku. A ƙasarmu ta Makoda gida na jingine da gida, gona na jingine da gona, kuma duk rabon gado sai ya ƙara tsaga abin da dama bai da faɗi. Geron da muke nomawa ba ya kai mu wata damina, saboda haka motar ce gonarmu ta biyu. Ita ke jigilar mutanen Koguna da ƙauyukan bakin madatsar ruwa ta Tomas zuwa kasuwar Dambatta ranar Lahadi, sauran ranaku kuma Kano ko Kazaure. Da na gama karatun koyarwa ban sami aiki ba, sai Baba ya miƙa mini makullinta, ya ce shi ma ya gaji da hanya.

A ƙarshen shekarar 2022 ƙafafunsa suka fara kumbura. Bayan gwaje-gwaje a wani asibiti a birnin Kano, likita ya gaya mana cewa hawan jini ya daɗe yana cin ƙodarsa a ɓoye, kuma yanzu sai dai na'ura ta riƙa tace masa jini. Wankin ƙoda kan ɗauki kamar awa huɗu, kuma sau uku a mako ake so. Ƙarfinmu bai wuce sau biyu ba, shi ma sai da aka jinginar da gonar fadama. Idan ya fito daga kan na'urar, jiri ke ɗibarsa, tsokar ƙafafunsa na ɗaurewa, ba ya iya zama. Mukan kwantar da shi a layin baya, ya tanƙwashe gwiwoyi, kowane ramin hanya kuma sai ya ji shi a ƙashinsa.

Sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500. Fita da asuba da mota babu fasinja ya zama abin da ba za mu iya ba. Dabarar da ta rage mana ita ce mu ɗauki lodin yamma zuwa Kano, Baba na zaune a gaba, mu kwana a cikin motar a harabar asibiti, mu kama layi da sassafe, sannan mu dawo da wani lodin. Ke nan dare biyu a kowane mako motar ta zama ɗakin kwanan dattijo marar lafiya, ga shi kuwa babu inda zai miƙe bayansa.

Yaya ne ya zo da wani hoton bidiyo a wayarsa. A ƙasashen Turai akwai wasu 'yan gidaje masu taya da ake ja da mota idan za a tafi hutu, kuma masu su sun rabu gida biyu a kan irin tambayar da mai walda ya yi mana. Wasu kan kafa gado na dindindin a ƙarshen ɗakin, da katifa guda marar tsagi, a ɗaga ta a zuba kaya a ƙarƙashi. Duk lokacin da mutum ya gaji sai ya kwanta, amma gadon ya cinye wurin zama har da rana. Wasu kuma kujeru suke yi da tebur a tsakiya. Idan dare ya yi a sauke teburin, a jera matasan kujerun a kai su zama shimfiɗa, da safe a sake tayar da komai. Su don nishaɗi suke wannan zaɓi, mu kuwa lalura ce ta kawo mu gare shi, amma lissafin iri ɗaya ne. Wuri kaɗan ne, kuma dole a biya da ɗaya daga cikin biyu, ko da fili ko da wahalar kowace rana.

Hujjar Yaya a fili take. Mutumin da jiri ke ɗiba ba ya jiran a gama haɗa masa shimfiɗa. Gado mai tsawon ƙafa shida a jikin bangon da ke kallon ƙofa, da katifa mai kauri, da wurin ajiye bargo da magani a ƙarƙashi, shi ne abin da jikin Baba ke bukata. Ni kuma na ɗauko alƙalami. Gadon zai ci kujeru biyu a kowane layi har layi uku, wato shida cikin sha takwas, sulusin abin da motar ke samu. Dare biyu da dawowa biyu kawai za a kwanta a kansa, sauran mako yana nan babu kowa, alhali kuɗin waɗannan kujerun ne ke biyan wankin ƙodar. Akwai kuma abin da ban faɗa ba a lokacin. Ina tsoron 'yan kasuwa su leƙo su ga gadon majinyaci su koma motar da ke bayana. Yaya ya dube ni ya ce, "Kuɗin mota kake lissafawa a kan gadon bayan mahaifinka." Kwana biyu ba mu ci abinci a kwano ɗaya ba.

Inna ce ta raba gardamar. Ta ce, "Kuna ta ja-in-ja a kan inda Malam zai kwanta, ko ɗayanku ya tambaye shi? Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Muka same shi bayan sallar isha'i a ƙofar ɗakinsa, ya jingina da bango. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya kawo labarin kakansa, wanda ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni da jakuna. Ya ce duk zangon da madugu ya sauke su, buzu mutum ke shimfiɗawa, da asuba ya naɗe ya ɗaure a kan kaya, domin matafiyi ba ya kafa gado. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Abu mai tsawon mutum da aka kafa don a ɗauke shi a kwance, kun san sunansa. Kada ku sa mini makara a mota tun ina da rai. Idan gari ya waye, zama nake so in yi kamar kowa."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ban ji daɗin nasarar ba, don na san dalilin Baba daban, nawa daban.

Mai walda ya raba layuka ukun baya, ya sa wa majinginar biyu daga ciki maƙalai irin na ƙyauren ƙofa, yadda idan an zare sakata za su kwanta su cike gurbin ƙafafu, su hau kan wasu gajerun ƙafafun ƙarfe. Mazauni uku da majingina biyu suka ba da shimfiɗa mai gunduwa biyar da tsagi huɗu. A wurin gwaji abin ya yi kyau, har yaran garejin suna tafi.

A daren farko muka gane abin da gwaji ba ya nunawa. Tsagi na biyu ya faɗo daidai ƙugun Baba, soson majingina kuma bai kai na mazauni kauri ba. Bai yi ƙorafi ba, sai dai na ji yana juyi har asuba. Inna ta ɗinka masa siririyar katifa ta audugar rimi, muna naɗe ta mu ɗaure a saman mota cikin leda. Haɗa shimfiɗar kan ci minti goma idan da haske, kuma sai an sauke fasinja an kwashe kayansu tukuna. Wani dare a watan Agusta muka isa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sakata ɗaya ta cije, katifar ta jiƙe ta gefe guda. Ina ta fama da fitilar waya a baki, Baba kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, ya rataya a kafaɗar Yaya, haƙoransa na kaɗawa. Yaya bai ce mini uffan ba. A wannan daren da mai walda na kusa, da na ce ya yanke kujerun ya kafa gadon, ko da motar za ta koma ɗaukar mutum biyar.

Amma da safe, bayan ya idar da salla, abin da Baba ya fara faɗa shi ne, "A tayar da kujeru." Haka yake faɗa kowace safiya. Ina tayar da su sai ya gyara hularsa, ya zauna kusa da taga, ya sa a buɗe ƙofar gefe. Masu jinya da suka kwana a kan kwali da tabarma a harabar sukan matso, ya ce su shigo daga sanyi. Sai a aiko da shayi, a kunna rediyo, a yi ta hirar farashin taki da na buhun gero a Dawanau. Wani dattijo daga wajen Haɗeja, wanda shi ma layin na'urar yake jira, ya mai da kujerar da ke gefen Baba tasa. Motar ta zama zaure, Baba kuma ya zama mai masaukin baƙi a wurin da kowa ke kiransa majinyaci. Na lura cewa a kan gadon asibiti ba ya haɗa ido da masu gaishe shi, amma a kan kujerar nan shi ke fara miƙa hannu. Ranar Lahadi kuma mata masu tallan daddawa da dillalan awaki sukan zauna a wurin, kuɗinsu ya tafi asibiti washegari.

Haka muka yi wata bakwai. Da hunturun farkon 2024, wata safiya na gama naɗe bargo ina jiran umarnin da na saba ji, bai zo ba. Na ce, "Baba, in tayar muku da kujerun?" Ya daɗe yana kallon rufin motar, sannan ya ce, "Bar su." Daga ranar ba a sake tayar da su ba. Babu wanda ya zauna ya yanke shawara, babu mai waldan da aka kira. Shimfiɗar ta zama gadon da Yaya ya nema tun farko, da tsaginta huɗu. Na ci gaba da lodi da sauran kujerun. Abin da na ji wa tsoro bai faru ba. Fasinjoji sukan leƙo su ga katifar, su ce, "Yaya jikin Malam? Allah ya ba shi lafiya," su shiga su zauna. Wata tsohuwa ma takan biya kuɗin mutum biyu, ta ce ɗayan na kujerar da ta kwanta ne.

Baba ya rasu cikin azumin wannan shekarar, a ɗakinsa, a kan gadonsa na ƙarfe. A kafaɗa aka ɗauke shi zuwa makwancinsa, motar na tsaye a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a ƙofar gida.

Da aka zo rabon gado, 'yan'uwa suka yarda a bar motar a hannuna, ana raba abin da ta samu. Sai da aka yi sadakar arba'in na iya taɓa layukan baya. Ƙurar hunturu da tsatsa sun riƙe maƙalan, na ja na ja suka ƙi. Yaya ya fito da ɗan galan na baƙin mai, ya ɗiga, muka kama majinginar tare, shi ta dama ni ta hagu, har ta miƙe da ƙara. Ya zauna a kai ya share fuskarsa da hannun riga. Na ce masa, "Yaya, gaskiyarka ce a daren ruwan nan." Ya ce, "Kai ma da taka. Amma ka ga shi bai auna da abin da muka auna ba."

Har yau idan na tuna gardamarmu, abin da ke damuna shi ne mun shafe kwanaki muna auna bayan Baba da aljihunmu, ba mu tambayi yadda yake so mutane su same shi idan gari ya waye ba. Gadon dindindin zai fi yi wa jikinsa daɗi, wannan ban musa ba, kuma daren Agusta na nan a wuyana. Sai dai wata bakwai na safiyoyin da ya yi yana karɓar baƙi, kujerun ne suka ba shi su.

Ban cire maƙalan ba. Mutanen ƙauyenmu sun san da su, shi ya sa akan buga mini ƙofa da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama, ko wani ya faɗi a gona. Katifar Inna na nan cikin ledarta a saman mota, kuma yanzu ko a cikin duhu ba na wuce minti huɗu. Idan na dawo da asuba, nakan wanke motar, in tayar da kujerun, in tafi tasha in kama layi.