Ranar da Injin Sharar Masallaci Ya Tafi Yajin Aiki



Mu ne 'yan SS2 da aka ɗora wa sharar masallacin makaranta a bana. Wani tsohon ɗalibi ya kawo kyautar injin zuƙe ƙura mai batir, marar waya, muka jingine tsintsiya muna murna. Duk hunturu ya yi mana aiki lafiya lau, ya kwashe ƙurar da iska ke zubawa a kan kafet.

Da aka shiga Afrilu, lokacin da zafin Dutse ke haura digiri 40, sai ya sauya hali. Minti biyar kacal zai yi, ya ɗau zafi, ya fara ƙauri, ya mutu. Wani ya ce batir ne, wani ya ce jabu ne. Aka ce idan mu muka lalata shi, mu za mu biya. Tsoro ya sa muka yi wauta: yana mutuwa muna sake kunnawa, har ɗayanmu ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Da abin ya fi ƙarfinmu, muka kai wa malamin Fiziks.

"Malam, injin nan ya lalace."

"Yaushe rabonku da wanke matatarsa?"

Muka kalli juna. Ba mu ma san yana da matata ba!

Malam ya ce iskar da injin ke zuƙa ita ce kuma ke sanyaya shi. Idan hanya ta toshe, sai ya yi ta juyawa babu iska, wayoyin cikinsa su ɗau zafi. Akwai wani makunni da ke kashe shi kafin ya ƙone. Ashe mutuwar da yake yi, ceton kansa yake, mu ne muke shaƙe shi. Tsumman nan kuwa, cewa ya yi ruwa da batirin litiyam ba sa ga maciji, gobara na iya tashi.

Ya cire batir tukuna. Muka juye kwandon shara, wanda ya cika maƙil. Muka zaro ƙwallon dabino da ledar alawa daga bututu. Muka yanke zaren kafet da ya nannaɗe burushi. Matatar kuwa ta zama kamar bulo saboda ƙura. Muka kakkaɓe, muka wanke da ruwa zalla, muka bar ta awa 24 ta bushe sarai.

Washegari ya share masallaci kaf bai tsaya ba, kuma ko kobo ba mu kashe ba.

Yanzu da sanyin safiya muke shara, mu juye kwando kullum, mu duba matata duk Juma'a, kuma ba ma saka caji sai ya huce. Ku da ke da fanka mai caji ko kwamfuta a gida, ku duba ƙofofin iskarsu yau. Da mun yi tambaya tun ranar farko, da ba mu yi mako biyu cikin fargaba ba.

Daga 'yan sharar masallaci, SS2