Da Rarrafe Yaro Kan Tashi

A wani gida da ke Talata Mafara akwai wata matashiya 'yar asalin Bakura, mai goyon ɗan fari. Mijinta manomin shinkafa ne a filayen noman rani da ke shan ruwa daga madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Da yake al'ada ta ɗora wa uwar ɗan fari kunya, ba ta kiran sunan yaron, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane. Wannan aiki ya koma hannun kakarsa, wata dattijuwa 'yar Maradun, wadda ke kiransa Maigida.

Da yaron ya cika wata goma, sai tsakar gida ta yi masa kaɗan. Ya ƙware a rarrafe, yakan kama turmi ya miƙe, ƙafafu na karkarwa. Yakan sa babban yatsa da manuni ya tsinci ƙwayar shinkafa ɗaya tak. Idan kaka ta ɓoye ludayi a ƙarƙashin faifai, sai ya ɗaga ya ɗauko abinsa, alhali wata huɗu baya da ya manta da shi nan take. Hankalinsa ya kama cewa abin da ido bai gani ba yana nan. Daga nan ne ma ƙiwa ta samo asali, domin wanda ya riƙe kamannin uwarsa a zuci ba zai yarda da baƙuwar fuska ba.

Baki ma bai zauna ba. Tun asuba yake "ba-ba-ba" da "da-da-da", kaka na amsa masa kamar mai hira da babba. Ba ta san cewa darasi take bayarwa ba. Binciken da Janet Werker da Richard Tees suka gudanar a Kanada suka wallafa a 1984 ya nuna cewa jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma tsakanin wata 10 da 12 kunnensa kan karkata ga harshen gida. Ke nan a wannan tsakani ne ɗan Bahaushe ke daɗa riƙe bambancin k da ƙ, wanda wata rana zai raba masa kafa da ƙafa.

Ana cikin haka sai gudawa ta kama shi. Kaka ta duba dasashinsa, ta ga fari-fari ya ɓullo, ta ce, "Haƙori na, ɗiyata. Kowane yaro sai ya yi." Kwana uku suka wuce. Yaron ya daina kama turmi, gwarancin ya ɗauke, idanu suka faɗa. A daren na uku uwar ta ajiye kunya, ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi mini aikin gafara, gobe asibiti za mu."

Ma'aikaciyar lafiya ta bayyana musu cewa haƙori kan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ya kawo gudawa. Lokacin fitowarsa ne ya yi daidai da lokacin rarrafe, sa'ad da yaro ke kai duk abin da ya tsinta baki. Mutanen Zamfara sun ga iyakar wannan hatsari a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Aka ba yaron ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki. Katinsa ya nuna an tsallake allurar ƙyanda ta wata 9, aka yi masa. Aka kuma ce a ci gaba da nono, a ƙara da kunun gyaɗa da wake da ƙwai.

Bayan mako biyu ya koma turminsa. Ya cika shekara bai fara tafiya ba, maƙwabta suka soma magana. Wannan karon kaka ce ta yi gaskiya da ta ce kowane yaro da ranarsa, domin binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wanda ya haɗa da yaran Gana, ya nuna cewa lafiyayyen yaro kan fara tafiya tsakanin wata 8 da 18. Jinkiri irin wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne yaro ya daina abin da ya riga ya iya.

Malamin da zai karɓi wannan yaro a aji ɗaya ba zai ga turmin ba, ba zai ji hirar kakar ba, amma a kansu zai ɗora karatu. Yana da wata goma sha huɗu ya saki turmi, ya yi taku uku, ya faɗa jikin uwarsa. Ranar ta kira sunansa a gaban kowa.