Agwagin da Ba Su Nuna Ciwo Ba

A watan Yulin 2008, jami'an lafiyar dabbobi da ke zagaya kasuwannin kaji sun ɗebi samfuri daga jikin wasu agwagi a jihar Gombe. Ga ido lafiyarsu ƙalau, mai saye ba zai yi ko ɗar ba. Da sakamako ya fito, sai ga murar tsuntsaye ta H5N1, kuma ba irin wadda ta ɓarke a Jaji cikin 2006 ba ce: wani reshe ne da ba a taɓa gani a Afirka ba. Matar da ke kiwon 'yan kajinta a Sabiyal, tana aika su kasuwar Jega in hidima ta taso, ba ta da hanyar gane wannan. Sai ɗakin gwaji.

To amma shi ma ɗakin gwajin, mudunsa kan tsufa. Tun 1941 aka lura cewa ƙwayar mura na dunƙule jajayen ƙwayoyin jinin kaza. A kan wannan aka gina gwajin da ake auna riga-kafi da shi: a haɗa ƙwayar da ruwan jinin dabbar da ta warke daga tsohuwar mura, sannan a ɗiga jinin kaza. Idan jinin bai dunƙule ba, tsohuwar kariya na aiki. Idan ya dunƙule, ƙwayar ta sauya kama. Dabara ce mai arha, mai kyan tsari.

Sai murar mutane ta H3N2 ta daina kama jinin kaza a shekarun 1990. Aka koma jinin talotalo, daga baya na ɓeran Masar. Wajen 2014, da yawa daga irinta ba sa dunƙule jinin sosai, dole aka karkata ga gwaji mai wahala da tsada, wanda ke duba ko kariyar ta hana ƙwayar shiga tantanin halitta mai rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya na zama a Fabrairu da Satumba don zaɓen ƙwayoyin da za a yi allura da su, kuma haɗa allurar kan ci kusan wata shida, don haka kuskuren awo ba ya gyaruwa sai wani zangon. A zaman ne kuma ake duba rassan murar tsuntsaye da ya kamata a yi wa tanadi. Reshen da ba a ɗebo daga kasuwa ba, ba a kai shi Vom an tantance ba, ba ya cikin lissafin.