Ƙwalamar Yara Tsakanin Koko da Tuwo

Mu iyaye mun saba jin cewa ƙwalama tana ɓata yaro. Amma a gidanmu ba mu hana ta ba, gama cikin yaro ƙarami ne. Kokon da ya sha da sassafe ba zai riƙe shi har a sauke tukunyar rana ba.

Abin da muke dubawa shi ne irinta da lokacinta. Ƙosai da ƙuli-ƙuli daga wake da gyaɗa suke, suna gina jiki. Sai dai ba ma ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, don kada ya ƙware. Alewa da minti kuwa, sukarinsu yakan manne a haƙori, ƙwayoyin cuta su ci, su bar tsamin da yake huda haƙorin. Waɗannan sai ran kasuwa, a kuma kurkure baki bayan an sha.

In ya rage sa'a guda a kwashe tuwo, ba a ba kowa kome. Yaron da ya cika ciki da biskit a lokacin nan zai ture kwano, uwa ta yi ta lallashi. Kakanni ne dai masu wuyar sha'ani a nan, kullum da wani abu ƙulle a bakin zane.